Addu'a da Kututture

A ƙasar Damargu babu zancen da ya kai na ruwa nauyi. Daga Falanko zuwa Gangara, daga Tanut zuwa kwarin Tarka da ke cikin Belbeji, da zarar watan Yuni ya kama sai idon kowa ya koma gabas, inda hadari ke tasowa. Ruwan da ke sauka a wannan yanki da ƙyar yake wuce milimita 300 a shekara, kusan dukansa kuwa cikin watanni uku yake zuba. Iyakar noma ta arewa, wadda dokar 1961 ta shata, ba ta da nisa da Tanut. Manomi yakan yi binne, ya zuba irinsa cikin busasshiyar ƙasa, ya koma gida ya jira. Idan jiran ya yi tsawo, Musulmi su fita filin idi roƙon ruwa, tsirarun Kiristocin da ke garuruwan jihar kuma su taru a majami'unsu su yi tasu addu'ar. A cikin wannan makon ne kuma rediyo ke karanto hasashen masana yanayi daga Yamai, yana faɗin inda iskar damina ta kawo da ranar da ake tsammanin isowarta.

Yaron da ke kwaleji yana jin duka biyun. Da safe malamin kimiyya ya zana masa teku da rana da girgije a kan allo, ya nuna masa da kibiyoyi yadda tururi ke tashi ya koma ruwa. Da maraice ya ji mahaifinsa yana cewa ruwa na Allah ne, shi ke saukar da shi lokacin da ya so. Idan yaron mai tunani ne, wata rana zai ɗaga hannu ya tambaya: in iska ce ke kawo ruwa daga teku, to mene ne aikin Allah a ciki? Amsar da ya saba samu ɗaya ce daga cikin biyu, ko a ce masa wannan ba ya cikin manhaja, ko a daka masa tsawa a ce ya bar saɓo. Duk wadda aka ba shi, darasi guda yake ɗauka: akwai ɗakuna biyu a cikin kansa, kuma babu ƙofa tsakaninsu. Mutumin da ya girma a haka, ko dai ya zama mai ilimin da ke jin kunyar addinin iyayensa, ko mai addinin da ke tsoron littafin makaranta. Ƙasar da ke bakin hamada ba ta da halin yin asarar ko ɗaya daga cikin ƴaƴanta ta wannan hanya.

Kiristocin Nijar ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na jama'a ba bisa ƙidayar 2012, amma tambayar ta daɗe a cikinsu, tun daga zuwan mishan ɗin SIM Damagaram a 1924, da fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, da buɗe asibitin Galmi a 1950, inda ake yi wa maras lafiya addu'a kuma a yi masa allura a ɗaki guda. A cikinsu ne kuma aka sami wani labari da ya isa a tsaya a kansa, domin ya haɗa addu'a da ilimin tsirrai a wuri ɗaya, a rana ɗaya, kuma sakamakonsa yana tsaye a gonaki, kowa na iya zuwa ya taɓa shi da hannu.

Kafin a kai ga labarin, ya kamata a ba kimiyya haƙƙinta, a ji abin da ta ce game da ruwan Damargu. Da bazara rana takan gasa Sahara har iskar da ke samanta ta yi sauƙi ta tashi sama. Sai iska mai laima ta taso daga tekun Gini, ta kudu maso yamma, ta nufo wannan gurbi. Inda ta yi karo da busasshiyar iskar hamada, nan ne masana ke kira gaɓar iskoki biyu, kuma wannan gaɓa tana hawa arewa a hankali har ta kai ƙarshen tafiyarta a watan Agusta, sannan ta juyo. Damargu na kusa da ƙarshen hanyar, shi ya sa damina ke iso mata a makare ta kuma bar ta da wuri. Laimar daga kudu take zuwa, amma hadarin daga gabas yake tasowa, domin a can sama akwai wata iska mai gudu zuwa yamma da ke kora gungun gizagizai, kusan kowane kwana uku zuwa biyar. Tsofaffin manoma sun san gabas tun kafin a ƙera tauraron ɗan Adam; abin da na'ura ta ƙara shi ne dalilin.

Haka kuma kimiyya ta yi magana a kan manyan fari. Kakanni sun ba da labarin Kakalaba ta 1913 zuwa 1914. Iyaye sun ga farin 1968 zuwa 1974, wanda ya sa ƙasashen Sahel suka kafa ƙungiyar CILSS a 1973 da cibiyar AGRHYMET a Yamai a 1974. Sai kuma 1984, shekarar da mutane suka yi wa laƙabi da El Buhari, lokacin da aka ci anza da karangiya, garkuna suka ƙare, ƙauyuka suka watse zuwa kudu. A 1975 wani masani ɗan Amurka, Jule Charney, ya kawo ra'ayin cewa ƙasar da aka tuɓe wa ciyawa da itace tana mayar da hasken rana sama, wannan kuma yana rage hadari. Watau laifin yana wuyan gatari da kiwo. A 1986 Folland da abokan aikinsa a Ingila suka nuna alaƙar ruwan Sahel da zafin tekuna. A 2003 Alessandra Giannini da abokan bincikenta suka ƙarfafa wannan, suka nuna cewa canjin zafin tekuna kaɗai ya isa ya bayyana mafi yawan farin. Wasu binciken kuma sun nuna cewa hayaƙin masana'antun Turai da Amurka, mai ɗauke da farar wuta, ya taimaka wajen sanyaya arewacin tekun Atlantika, abin da ya ja damina ta koma kudu. Ke nan gero ya bushe a Falanko saboda abin da ya faru a tekun da manomin bai taɓa gani ba.

Cikin wannan hali ne wani saurayi ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya sauka Nijar a 1981 tare da matarsa. Ya karanta ilimin noma a jami'a, ya zo kuma a matsayin ɗan mishan na SIM, aka ɗora masa aikin dashen itatuwa a yankin Maraɗi. Ya yi abin da kowa ke yi a zamanin: a reni ƴan itatuwa cikin leda, a loda a mota, a kai ƙauyuka, a dasa, a yi shinge. Iska ta binne wasu, gara ta ci wasu, awaki suka gama da sauran. Mafi yawan abin da aka dasa bai ga damina ta biyu ba. Manoma ma ba su ɗoki aikin ba, kuma suna da hujja. Tun dokar gandun daji ta Turawa ta 1935, da wadda ta gaje ta a 1974, itace na hukuma ne ko da a gonar mutum ya tsiro, mai gonar na iya shan tara idan ya sare shi. Ga kuma malaman gona da suka yi shekaru suna koyar da cewa gona mai kyau ita ce wadda aka share ƙal. Wa zai reni abin da ba nasa ba?

A 1983, kamar yadda shi kansa ya sha ba da labari, yana cikin tafiya da lodin dashe sai ya tsaya ya rage iskar tayoyi don motar ta iya ratsa rairayi. Ya duba gabas da yamma, babu komai sai fili. Ya ji cewa ko da za a ba shi kuɗin duniya da shekaru masu yawa ba zai iya mayar da itace wannan ƙasa ba. Sai ya yi addu'a, ya roƙi Allah gafara a kan yadda mutane suka ɓata kyautar halitta, ya kuma roƙi a buɗe masa ido a nuna masa abin yi. Da ya ɗaga kai sai hankalinsa ya kai kan wani ɗan tsiro a gefen hanya, irin wanda ya wuce dubbansa bai kula ba. Ya taka ya duba ganyen. Siffar ganyen ta gaya masa cewa wannan itace ne da aka sare, kututturensa yana raye, yana ta fitar da tofo, kowace shekara kuma ana sassabe tofon a ƙone. Ƙarƙashin gonakin da ake gani tsirara akwai saiwoyi masu rai bila adadin, na kalgo da sabara da geza da magarya da gawo. Shi ya kira su kurmin ƙarƙashin ƙasa.

Dabarar da ta fito daga wannan gani ba ta buƙatar leda ko mota ko rijiya. Manomi ya zaɓi kututture, ya bar tofo ɗaya zuwa biyar mafiya ƙarfi, ya datse sauran, ya rage rassan ƙasa, ya kare abin da ya bari. Tun da saiwar ta riga ta yi zurfi tana kuma da ajiyar abinci, tofon yakan yi girman da dashe ba ya yi. Hausawa suka sa wa abin suna sassabin zamani. An fara da manoma ƙalilan, maƙwabta suna yi musu dariya, ana sace musu itacen da dare. Da yunwar 1984 ta zo, aka haɗa rabon abinci da sharaɗin barin itace a gona, a ƙauyuka kusan 100. Da yunwa ta wuce mutane da yawa suka sare nasu. Amma waɗanda suka bari sun ga iska ta daina binne musu shuka, mata sun sami itacen girki a kusa, dabbobi sun sami ganye da rani, gero kuma bai ragu ba. Gani ya kori ji, dabara ta riƙa bin kasuwa da biki daga ƙauye zuwa ƙauye. Bayan shekara 20, da masu bincike irin su Larwanou Mahamane da Chris Reij da Gray Tappan suka gwada tsofaffin hotunan sama da na tauraron ɗan Adam, sai suka ƙiyasta cewa hekta wajen miliyan 5 sun sake yin itace a kudancin Nijar, itatuwa kimanin miliyan 200. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood, tare da manomin nan na Burkina Faso, Yacouba Sawadogo.

To, me ya faru a bakin wannan hanya? Masanin tsirrai zai ce babu abin al'ajabi: itatuwan Sahel sun saba da wuta da haƙorin dabba, shi ya sa suke tofo daga kututture. Masanin halayyar ɗan Adam zai ce mutum ne da ya yi shekara biyu yana fama da matsala guda, yana kuma da ilimin gane ganye. Da ya sallama, hankalinsa ya kwanta, sai ya ga abin da gaggawa ta hana shi gani. Masanin tarihi zai ƙara da cewa manoma sun san renon itace tun tuni, cewa ana ba da labarin Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya yi mulki daga 1851 zuwa 1884, ya kafa hukunci mai tsanani a kan saran gawo, kuma manoman Magarya da Matamai da Mirya sun cika gonakinsu da gawo da ƙoƙarin kansu. Masanin yanayi kuma zai tuna cewa ruwa ya ɗan dawo daga shekarun 1990, wannan ma ya taimaka. Duk sun faɗi gaskiya. Rinaudo bai musa ko ɗaya ba, kuma bai fasa cewa Allah ya amsa addu'arsa ba.

Abin lura shi ne, a cikin labarin babu inda aka karya wata ƙa'ida ta halitta. Itace bai sauko daga sama ba, kututturen yana wurin kafin addu'a, zai kuma ci gaba da zama ko da ba a yi ta ba. Abin da ya canza shi ne idon mai kallo. Wanda ya ba da gaskiya yana cewa Allah ya yi aiki ta hanyar ilimin da mutumin ya koya a jami'a, da gajiyarsa, da laushin rairayin da ya tilasta masa tsayawa, da ɗabi'ar saiwa, da kuma hannuwan dubban manoma, waɗanda kusan dukansu Musulmi ne. Wanda bai ba da gaskiya ba yana cewa dace ne. Babu awon da zai raba gardamarsu, domin ba a kan abin da ya faru suka saɓa ba, a kan ma'anarsa ne.

Harshen Hausa kansa yana da abin cewa a nan. Bafaranshe yakan ce il pleut, da wani wakilin suna wanda ba ya wakiltar kowa. Bahaushe yakan ce an yi ruwa, ya bar gurbin mai yi a buɗe, yakan kuma ce hadari ya kawo ruwa, sannan ya ce Allah ya ba da ruwa, duk a zama ɗaya, ba tare da ya ji ya saɓa wa kansa ba. Haka nan kalmar pourquoi ta haɗe tambayoyi biyu da Hausa ke iya rabawa: me ya jawo, da don me. Idan baƙo ya tarar da tukunya tana tafasa ya tambayi dalili, wani zai ce masa wuta ce ta zafafa ruwan har ya kai awon tafasa, wani kuma ya ce uwargida ce ta ga an yi baƙo ta ɗora tuwo. Wanda ya ce sai an zaɓi ɗaya daga cikin amsoshin nan bai fahimci tambayar ba. Sanin yadda itace ke ci da wuta bai kori uwargida daga madafa ba.

Malaman Kirista na farko sun riga sun bi wannan hanya, babbansu kuwa ɗan Afirka ne. Agustin, wanda aka haifa a 354 a ƙasar da ake kira Aljeriya a yau, ya zama bishop na Hippo, inda garin Annaba yake. A cikin sharhinsa na Littafin Farawa ya gargaɗi masu bi da kada su riƙa faɗin shirme a kan taurari da ƙasa da dabbobi suna jingina shi ga Littafi Mai Tsarki, domin wanda ya san waɗannan abubuwa ta hanyar bincike zai yi dariya, ya kuma raina Littafin gaba ɗaya. Ya koyar da cewa Allah ya dasa sababai a cikin halitta tamkar iri, kowane yana jiran lokacinsa ya tsiro. Da wuya mutum ya ji wannan bai tuna da saiwoyin da suka yi shekaru suna jira ƙarƙashin gonakin Maraɗi ba. Agustin ya kuma ce fitowar hatsi mai yawa daga ƴan ƙwayoyi kowace shekara ya fi ciyar da mutum dubu biyar da gurasa biyar girma, sabo ne kawai ya sa mutane suka daina mamaki. Ƙwayar gero guda da ke zama zangarniya mai ɗaruruwan ƙwayoyi, a wurinsa, aikin Allah ne cikakke, ko da malamin gona ya iya bayyana kowane mataki.

Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya tsara zancen da kalmomi biyu: sababi na farko da sababai na biyu. Allah ba ya cikin jerin sababai kamar yadda iska da teku suke, balle ya yi takara da su a kan kaso. Shi ne dalilin da ya sa akwai iska, akwai teku, akwai kuma ƙa'idar da ta haɗa su. Saboda haka ba a cewa rabin ruwan daga Allah yake, rabi daga teku. Dukansa daga teku yake ta fuskar hanya, dukansa daga Allah yake ta fuskar asali. Manzo Bulus ya yi amfani da misalin gona a wasiƙarsa ta farko zuwa ga Korintiyawa, inda ya raba aikin mai shuka da na mai ban ruwa da na wanda ke sa girma. Mai karatu Musulmi zai gane wannan fage, domin malamansa sun daɗe suna zancen sababi da Mai sabbabawa. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo misalin wuta da auduga, ya ce haɗuwarsu al'ada ce da Allah ke gudanarwa; Ibn Rushdi ya mayar masa da martani cewa wanda ya musa sababai ya musa hankali. Maƙwabta biyu ne ke haƙa rijiya ɗaya, kowa daga nasa gefen.

Akwai tarkon da masu bi ke yawan faɗawa, watau su ajiye Allah a inda ilimi bai kai ba. Jiya ba a san dalilin tsawa ba, sai a ce nan Allah yake; yau an sani, sai a matsar da shi zuwa wani lungu. Wanda ya yi haka ya mayar da kowane sabon bincike barazana ga imaninsa, kowane malamin kimiyya kuma abokin gaba. Dietrich Bonhoeffer, fastan Jamus da ƴan Nazi suka kashe a 1945, ya rubuta daga kurkuku a 1944 cewa a cikin abin da aka sani ya kamata a nemi Allah. Georges Lemaître kuwa, limamin Katolika ɗan Beljiyam, shi ne ya nuna a 1927 cewa sararin samaniya yana faɗaɗa, a 1931 kuma ya kawo ra'ayin cewa duniya ta faro daga wani ɗigo guda. Da Paparoma Pius na 12 ya yi jawabi a 1951 yana nuna kamar wannan ya tabbatar da labarin halitta, Lemaître bai ji daɗi ba. Ya san cewa ra'ayin kimiyya na iya canzawa gobe, wanda ya ɗaure imaninsa a jikinsa kuwa zai faɗi tare da shi. Labarin Charney ya isa misali: ra'ayin da aka ɗauka da muhimmanci a 1975 an rage masa nauyi a 2003, haka kimiyya ke gyara kanta.

Duk da haka, zancen sababi na farko da na biyu ba ya share hawaye. An yi addu'a a 1984, yara sun mutu. An yi a 2004, fara ta zo ta cinye abin da fari ya bari, 2005 ta zama shekarar yunwa, Tanut na cikin inda ta fi tsanani. Idan Allah yana aiki ta hanyar iska da teku, me ya sa ya bar su suka juya wa talakawa baya? Amsa mafi sauƙi, mafi muni kuma, ita ce a ce hukunci ne saboda zunubin mutanen wurin. Littafi Mai Tsarki kansa ya ƙi wannan amsa. Abokan Ayuba sun dage cewa masifarsa sakamakon laifinsa ce, a ƙarshen littafin Allah ya tsawata musu. A cikin Linjilar Luka, da aka zo kan mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, Yesu Almasihu ya ƙi yarda cewa sun fi sauran mutane laifi. A nan kimiyya ta yi wa addini hidima. Tun da an gano cewa hayaƙin masana'antun da ke nesa yana da hannu a farin Sahel, mai wa'azin da zai nuna matar da ke tsinkar anza a Falanko ya ce zunubinta ne ya hana ruwa, ya yi mata ƙazafi. In akwai laifin ɗan Adam a ciki, ba a wuyanta mafi yawansa yake ba.

Shin addu'a na iya juya hadari? Malaman Kirista ba su haɗu a kan amsa ɗaya ba. Tun 1963 Edward Lorenz ya nuna cewa yanayi abu ne da ɗan ƙaramin canji ke iya karkatar da shi gaba ɗaya, shi ya sa hasashen rana da rana ba ya wuce kimanin mako biyu. John Polkinghorne, masanin kimiyyar lissafi da ya koma limamin Anglika, ya ga a nan wata ƙofa: duniya a buɗe take, Allah na iya aiki a cikinta ba tare da karya ƙa'ida ba. Wasu suka ce a yi hattara, kada wannan ma ya zama wani lungun da za a ajiye Allah. Abin da suka haɗu a kai shi ne, addu'a roƙo ce daga bawa zuwa Ubangiji, roƙo kuwa ana iya amsa shi ta hanyar da mai roƙon bai zata ba. Mutumin da ya tsaya a bakin hanya a 1983 bai ga girgije ya taso ba. An nuna masa aiki, aikin da ya ci masa sauran shekarunsa a Nijar har 1999. Labarin Yusufu, wanda Kirista da Musulmi suka yi tarayya a kansa, haka yake tafiya: an sanar da zuwan yunwa, amsar kuwa rumbuna ce da awo da ajiya ta shekara bakwai. Hausawa sun taƙaita shi da cewa Allah ya ce tashi in taimake ka.

Damargu ta fi Maraɗi da kudancin Damagaram ƙarancin ruwa, itace a nan yana jinkirin girma, kuma gona da makiyaya suna kafaɗa da kafaɗa, don haka renon tofo sai da shawara tsakanin manomi da makiyayi. Amma aduwa da magarya da kandili da anza suna nan, saiwoyinsu ba su mutu ba. Doka ma ta sauya: a 2020 gwamnati ta amince wa manomi da haƙƙin itacen da ya rena a gonarsa. A sura ta 14 ta Littafin Ayuba an yi zancen itacen da aka sare, wanda saiwarsa ta tsufa a ƙasa, amma ya sake tofo da ya ji ƙanshin ruwa. Marubucin ya lura da abin da masanin tsirrai zai tabbatar, ya kuma ga ishara a ciki.

Malamin makaranta ba liman ba ne, ba fasto ba ne, makarantar gwamnati kuma ta kowa ce. Ba a nemi ya yi wa'azi a aji ba. Abin da ake nema a wurinsa shi ne, idan yaro ya ɗaga hannu da waccan tambaya, kada ya kashe ta. Ya koyar da iskoki da tekuna sosai, ba tare da ragi ba, ya kuma gaya wa yaron gaskiya cewa allo yana amsa me ya jawo, tambayar don me kuwa manyan masana sun ɗauke ta da girmamawa, wasu sun amsa ta da imani, wasu ba su amsa ba. In ya sami hali, ya fita da ajin zuwa bayan gari, kowane yaro ya nemi kututture ya gane sunansa da Hausa da Faransanci, ya datse shi ya reni tofonsa har ƙarshen shekara. Ƙungiyoyin al'adu kuma su tattara abin da tsofaffi suka sani na alamun damina da sunayen itatuwa da sunayen yunwa, kafin masu sanin su ƙare. Yaron da ya yi wannan zai iya bin mahaifinsa roƙon ruwa da safe, ya saurari hasashen Yamai da rana, ya ɗauki gatarinsa zuwa gona da la'asar, zuciyarsa ɗaya. Allah ya ba da damina mai albarka, ya raya abin da aka rena.